Harafin da Babu a Larabci

Muna cin abincin rana wata Juma'a saƙon ya shigo wayar 'yata. Ta duba, ta kife wayar kusa da tire, ta ci gaba da juya shinkafa ba ta kai baki ba.

Babanta ya ce, "Uwata, lafiya?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa haka yake kiranta.

Ta ce sakamakon jarrabawar Faransanci ne ya fito. Ta ci karatu, ta ci rubutu, ta ci sauraro. A magana ne ba ta kai ba.

A nan unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakata ce ta zo daga Kano aikin Hajji ta zauna. Mijina kuwa daga Damagaram ya zo yana saurayi, ya samu aiki a ɗakin sanyi na wani mai sayar da kifi. 'Yarmu nas ce a wani ƙaramin asibiti, kuma iƙamarta, wato katin izinin zamanta, a hannunsu take, su ne kafilinta masu tsaya mata. Ranar da suka ce halas, aiki ya ƙare, ba ta da inda za ta sai Nijar, ƙasar da ke rubuce a fasfonta, wadda ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa ta sa Kanada a gaba. Ta ce a can mutum yakan samu takardar zama tasa ta kansa, wadda ba ta rataye a wuyan kowa ba. Sai dai da maki ake shiga: ilimi, aiki, Turanci, ƙuruciya. Duk shekarar da ta wuce, makin ƙuruciya raguwa yake. Faransanci ne kaɗai abin da ya rage mata na ƙari.

Wata malama ce daga Yamai take koya mata ta waya. Babanta ya ɗan yi lakwal, bokon Faransanci, yana yaro, amma ya bari da wuri, kuma da bakinsa yake faɗa cewa ta daɗe da wuce shi. Ranar dai ya ce ta gaya masa abin da aka tambaye ta.

"Aikin babana," ta ce.

"Me kika ce musu?"

Ta faɗa da Faransanci. Sai na ga ya ajiye cokali yana dariya har da tari.

"Hajiya, kin ji 'yarki? Ta gaya wa Bature kayan sha nake ajiyewa. Allah ya sa bai ɗauka giya nake sayarwa a ƙasa mai tsarki ba."

"Baba, wallahi ba abin dariya ba ne."

"To ai ni aka ɓata wa suna, ni zan yi kuka."

Ya bayyana mini. Kifi da Faransanci poisson ne, abin sha kuma boisson. Harafin farko ne kawai ya raba su, kuma wannan harafi babu shi a Larabci. Duk ɗan Jidda b yake mayar da shi. Ita ta san haka, kuma tsoron ne ya fi kuskuren yi mata illa. Da ta hango kalma mai harafin tana tafe sai ta tsaya neman wata, maganar ta tsinke, abin da ta sani ya gudu.

Ya ɗauki aikin a kansa. Bayan la'asar ya zaunar da ita, ya matse leɓɓansa ya nuna mata, ta yi, ya ce ba haka ba. Ta sake, ya ce ba haka ba. Ba shi da haƙurin koyarwa, Allah ya jiƙansa. Sau da yawa da fushi suke tashi, ita ta shige ɗaki tana mita da Larabci, shi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Wata rana suna cikin haka na leƙo daga kicin na ce wani ya bar ruwa yana zuba a banɗaki, a je a rufe famfo. Ni a bakina ba famfo ba ne, pampo ne. Haka kakata take faɗa, haka na tashi na ji: pampo, paranti, parpesu. Ban taɓa lura ba.

Ya ɗaga hannu. "Hajiya, sake faɗa."

"Me na ce?"

"Abin da za a rufe."

Na faɗa. Ya juya ya kalli 'yarsa.

"Uwata, kin ji? Muna neman abu a Faransa, ashe yana kicin ɗinmu. Daga yau ga malamarki."

Na ce su rufa mini asiri, ni da ko gaisuwar Faransanci ban iya ba. Ya ce ba gaisuwa aka ce in koyar ba.

'Yata tana jin Hausa sarai, amma tun tana firamare da Larabci take mayar mini da amsa. Na yi faɗa har na gaji na bari. Yanzu ga ta tsaye a bayana ina wanke-wanke, tana kallon bakina. Idan ta ce farfesu, haƙoranta take ɗorawa a kan leɓe irin na Larabawa. Sai in ce ta rufe leɓɓan duka biyu ta sake su. Daga kalma ɗaya muka koma biyu, daga nan sai ga ta tana tambayata da Hausa ina na ajiye parantin tangaran. Hausar a karkace take fitowa, amma Hausa ce. Na juya baya na ci gaba da cuɗa tukunya don kada ta ga fuskata.

Shi kuma da ya sauka daga malanta sai ya koma kan sanyi, don ya ce wannan fanninsa ne. Ya ja mu haraj, kasuwar gwanjo, a tsakiyar zafi, lokacin da mutum ke jiƙewa kafin ya kai bakin titi. Ya tono wata ƙatuwar rigar sanyi daga ƙasan tari. Mai kayan, wani ɗan Sudan Bahaushe, ya dube mu ya ce, "Alhaji, zazzaɓi ne ko hijira?" Ya ce masa, "Hijira ce, amma tukuna." A gida ya ƙure na'urar sanyaya ɗaki, ya ce ta riƙa karatu a haka. Ni ce na fara yin mura.

Ya kuma roƙi maigidansa ya bar shi ya shiga da ita ɗakin sanyin wata safiya da babu aiki sosai. Ban bi su ba. Da suka dawo hancinta ya yi ja, tana ta dariya. Ta ce ya koya mata a rufe kunne da yatsu kafin komai, a sa riguna marasa kauri da yawa maimakon guda mai nauyi, kada a tsaya wuri ɗaya. Ta ce a ciki ya nuna mata kwalin kifi ya ce ta faɗi sunansa, leɓɓanta sun ƙage, ba p ba b.

"To me kika ce?" na tambaya.

"Na ce yalla mu fita, Baba."

A Sha'aban ya kwanta. Zuciya ce. Bai kai azumi ba. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Na shiga takaba. Ɗanmu namiji, wanda ke zaune a unguwar Mahjar da iyalinsa, ya yi ta zirga-zirga har ya daidaita mini takardun zamana. 'Yata ta daina kiran malamarta. Ta tattara littattafan ta ɗora a kan kabad. Da na tambaye ta sai ta ce, da Larabci, ba za ta bar ni ni kaɗai ba, kuma dama babanta ne mai son abin. Na san ba haka ba ne. Ita ta kawo maganar tafiyar a gidan nan, shi ya bi ta. A asibitinsu kuma an fara rage ma'aikata, wata ƙawarta da suka fara aiki tare ta riga ta tattara kayanta. Ban iya gardama ba, ban taɓa iyawa ba. Na bar maganar har na fita takaba.

Ranar da na fara fita, kasuwar kifi na je. Tun rasuwarsa kifi bai shiga gidan ba. Abokan aikinsa suka gane ni, suka yi mini gaisuwa, na tsaya na amsa. Na dawo na ɗora farfesu. Da ta dawo daga aiki ta ji ƙamshin, ta tsaya a ƙofar kicin.

Na ɗaga murfin na ce, "Mene ne wannan da Faransanci?"

"Ummi, don Allah."

"Tambayarki na yi."

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sannan ta faɗa, a hankali, da b.

Na ce, "To tunda abin sha ne, ɗauko kofi in zuba miki."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, na bar ta ta yi. Da ta share fuska na ce, "Ke, saurara. Ni ina da yayanki, ina da maƙwabtan da muka tsufa tare. Ke ba ki da komai sai katin da wani zai iya karɓewa. Ban aike ki ki zauna gadina ba. Sake faɗa."

Ta faɗa daidai.

Ta koma wajen malamarta a makon. Da yamma takan zauna a inda suke zama da babanta ta yi ta magana ita kaɗai, ni ina gefe ina tsinke ganye. Ba na gane ko kalma. Harafin nan kawai nake jira, idan ya fito da b in buga cokali a tire, ta koma baya. A hankali cokalin ya daina aiki. Ta daina tsayawa kuma, maganar ta riƙa tafiya har ƙarshe.

Ta sake zama jarrabawar. Da ta fito ta kira ni daga bakin titi, da Hausa, ta ce ba a tambaye ta aikin babanta ba, amma ita ta san yadda ta yi ta kawo shi cikin maganar. Sakamakon ya zo, ta ci duka huɗun. Na sa an kai sadakar abinci masallacin da babanta yake salla. Na gaya wa duk wadda ta shigo gidan, har wadda ba ta tambaya ba.

Ta aika wa Kanada sabon makinta, sunanta ya matsa gaba a layi. Daga lokaci zuwa lokaci sukan ɗebi mutane daga sama. A ɗiban da aka yi na baya, inda suka yanke ya ɗara nata da kaɗan. Asibitin sun sabunta mata iƙama ta wannan shekarar, ba su ce komai a kan ta gaba ba. Har yau ba a kira ta ba.