Koren Tulun Goggo Majken

A ƙauyenmu na Småland, in ka tsinci tsohon gilashi a kayan kakarka ba ka san wanda ya hura shi ba, wajen Goggo Majken za ka nufa. Shekarunta saba'in da tara, gajeruwa, kullum da hular ulu ko da bazara. Ba ta taɓa riƙe bututun hura gilashi ba. Shekara talatin ta yi tana naɗe kaya a takarda a masana'antarmu ta gilashi kafin a rufe ta. Amma sai ta karɓi kwano, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kunne, ta kife shi ta shafa ƙasan da babban yatsa, ta ce, "Shekarar alif ɗari tara da sittin da biyu. Hannun Ragnvald, kuma da yunwa ya yi shi." Sunan da ake zanawa a ƙasa ba ya burge ta, wai kowa in ya samu allura zai iya rubuta suna.

Mutane na cewa son gilashi ne ya mayar da ita haka. Ba shi ba ne.

A tagar ɗakin girkinta akwai wani koren tulun fure mai zaren iska a murɗe cikin jikinsa. Mijinta Torvald ne ya kawo mata ranar da ya nemi aurenta, ya ce da kansa ya hura shi lokacin hutu, yadda ma'aikata kan yi da ragowar narkakken gilashi. Ba bikin da ba ya ba da labarin nan, har da kumbura kumatu. Matsalar ita ce zaren murɗin bahago ne, Torvald kuwa ba bahago ba ne. Aikinsa ma goge ƙasan kaya ne a kan dutse. Bahago ɗaya ne a masana'antar, marigayi Evald, wanda shi ma ya so Majken. Tun makon farko ta gane. Sai ta duƙufa ta san gilashi fiye da kowa, don in har za a tambayi wani a kan tulun nan, ita za a tambaya.

Shekara hamsin da shida dabarar tana ci. Sai ranar duba tsofaffin kaya ta bana a zauren coci, da kofi da gurasa mai kirfa, kwamiti ya gayyato wani ƙwararre daga Göteborg mai suna Hilding, da madubinsa na ƙara girman abu rataye a wuya. Ana tsakiyar yi sai ga Ylva, matar ɗansu, ta shigo da wani abu naɗe a tawul tana ta washe baki.

"Na sato muku tulun taga," in ji ta. "Baba, yau za a yaba aikinka a gaban jama'a."

Majken ta miƙa hannu, amma Hilding ya riga ta. Ya ɗaga tulun a haske, ya juya shi sau biyu.

"Wannan koren bai wuce farkon shekarun sittin ba. Kai, aiki ya yi kyau. Bahago ne maigidan?"

"Wani lokaci," in ji Majken da sauri.

"Wani lokaci?"

"In dama ta gaji. Kai ba ka gajiya? Ba ni nan, kana riƙe shi kamar kwalbar giya."

Duk zauren suka juya ga Torvald, wanda a daidai lokacin yake kai kofi baki da hannun dama. Ya yi maza ya mayar da shi hagu, rabin kofin ya zube masa a wando. Wata tsohuwa a baya ta fara ƙyalƙyala dariya.

Torvald ya dubi wandonsa, ya dubi matarsa.

"Ke tsohuwa, bari haka nan. Evald ne ya hura. Kekena na ba shi a madadin tulun."

"Na sani."

"Na san kin sani."

"Tun yaushe, tsohon banza?"

"Tun da na ga kina karanta littafin gilashi a gado. Wa ke karanta wannan don daɗi?"

"To me ya sa ka ci gaba da kumbura kumatu a bikin mutane?"

"Ina son ganin yadda kike tare mini faɗa."

Majken ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda sai da ta dafa teburi, hular ta zame mata kan ido. Limamin cocin ma ya ajiye gurasarsa yana share hawaye. Ylva kaɗai ke tambayar ko wani abu ta ɓata.

Hilding ya ɗauki alƙalami. "To in rubuta Evald?"

Majken ta fizge tulun, ta kife shi, ta kama yatsan mutumin ta ɗora a ƙasan.

"Shafa. Ka ji sumul ɗin nan, ba ko kaifi? Evald bai iya wannan ba, ƙasan kayansa yanka teburi yake yi. Rubuta su biyu."

"Wa zan fara sawa?"

Ta harari Torvald, wanda ke goge wando da tawul ɗin Ylva.

"Sa wanda ya koma gida a ƙafa."