Kujerar Hadil a Tashar Kudai

Ustaz Abdulganiyyu ɗan Makka ne, a nan aka yanke masa cibiya, a nan kuma kansa ya yi fari. Kakansa ne ya taso daga Kazaure da ƙafa, ya ratsa Sudan, ya sauke farali, da ya waiwayi hanyar komawa ya ga ta yi masa nisa sai ya zauna. Shi Ustaz bai san Kazaure ba sai a bakin alhazai. Ya koyar da lissafi da kimiyya a makarantar sakandare har ya yi ritaya, kuma tun kafin ritayar ya buɗe zauren gidansa na Nakkasa ga 'ya'yan Hausawan unguwa bayan la'asar. Da aka rushe gefen tudun da gidan yake, ya kwashe allonsa da wayoyinsa da tsofaffin baturansa ya koma wani ɗan falo a hawa na uku a unguwar Shisha, yaran suka biyo shi da tasi.

Burinsa guda ne, bai taɓa ɓoye shi ba. Yana so kafin ya bar duniya ya ga ɗaya daga cikin yaran nan ya tsaya gaban aji a jami'a yana koyar da injiniyanci, ana kiransa dakta, sunan kakansa na Bahaushe yana manne a ƙofar ofis.

Yana da ka'ida a koyarwarsa. Idan ɗalibi ya warware tambaya da Larabci kamar yadda jarrabawa ke so, sai Ustaz ya ce ya sake bayanin da Hausa, tamkar yana gaya wa kakarsa yadda wuta ke bin waya. Yaran da suka zo masa ba su iya haɗa jimla biyu ba sukan fita da Hausa tsab a bakinsu, har su yi wa iyayensu gyara.

Sai dai a Makka akwai mausim, wato watannin aikin hajji, lokacin da gari ke cika da baƙin Allah, kowane gida kuma yana da aikinsa. Kamfanonin hidimar alhazai kan bazama neman matashin da ke jin Larabci da Hausa, mai ilimi, wanda ba zai ruɗe a gaban likita ko ɗan sanda ba. Duk sun san inda ake samun irin wannan matashi. Hudaifa, wanda Ustaz ya sa wa rai a fannin injinan jirage, ya tafi tafinta na mausim ɗaya, bai sake dawowa kan littafi ba. Yau shi ke kula da motocin wani kamfani, duk sallah yakan zo da babbar mota ya sumbaci goshin malaminsa. Abdulmuhaimin ya ƙare a teburin karɓar baƙi na wani otal. Ustaz bai taɓa zarginsu ba, domin hidimar mahajjata abin girma ce, da ita aka ciyar da shi yana yaro. Gajiya kawai ya yi. Ya kai ga in sabon yaro ya nuna ƙwazo, sai ya fara tunanin wane kamfani ne zai ɗauke shi.

Hadil ce ta ƙarshe da ya sa wa rai, 'yar Hassan mai ofishin tafinta a tashar motocin Kudai. Ta kammala digiri a injiniyancin lantarki. Wata la'asar ta hau matakalar nan ta zauna a bakin kujera ba ta ko cire jaka ba.

"Ustaz, sun ɗauke ni," ta ce. "Binciken bazara a jami'ar nan ta gabas. Daga cikinmu za a zaɓi mu'ida."

Mu'ida ita ce mataimakiyar malami a jami'a, matakin farko na tsanin da Ustaz ya shekara yana nuna wa yara.

"To, me ya hana ki murna?"

"Farkon Zulƙida za a fara. Baba ya ce a gidanmu ba a taɓa barin Makka a mausim ba, kakansa ma da ya karye a ƙafa a kan kujera ya yi tafinta. Kuma ni kaɗai ce a gidan nake jin Hausa sosai. Yayyena in alhaji ya ce cikinsa na ciwo, sai su nuna masa hanyar kasuwa."

Da ta tafi, matarsa Saudatu ta shigo ɗaukar kofunan shayi. Ta ji komai daga madafa.

"Abu Rakan, kai ne fa kake kiwata wa masu mausim yaran nan," ta ce, tana kiransa da alkunyarsa irin ta Larabawa. "Da ka koya wa yarinya wutar lantarki kawai, ka bar ta da Larabcinta, da wa zai kula ta? A'a, sai ta yi wa kakarta bayani. Ga shi nan, uban ya ji bayanin."

"Da na bar su su zubar da harshen iyayensu?"

"Ni ban ce ba. Miƙo wancan kofin."

Washegari da hantsi ya tafi Kudai. Rana ta riga ta yi zafi, motoci sun jeru ana wanke su don jiran baƙi. Hassan ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo ruwa mai sanyi.

"Ya Ustaz, ni na san abin da ya kawo ka," in ji Hassan. "Wallahi ba ƙin karatunta nake ba. Amma na riga na ɗauki alkawarin alhazan Jigawa, yawancinsu tsofaffi, rabinsu mata. Wa zan zaunar a kujerar nan? Ta tafi baɗi."

"Baɗi ba za a kira ta ba. Haka aka ce da Hudaifa, baɗi."

"Hudaifa ya lalace ne? Ka ga motarsa?"

"Na gani. Har ya rage mini hanya da ita."

Hassan ya yi dariya, Ustaz bai yi ba. Ya dubi kujerar roba da ke kusa da taga, inda Hadil ke zama kowane mausim tun tana sakandare. Ya san duk hujjojin da zai kawo, ya sha kawo su a wasu ofisoshi ga wasu iyaye, ba su taɓa tsinana komai ba. Ba shi da ƙarfin maimaita su.

"Mutum kake nema ko Hadil?" ya tambaya.

"Mai Hausa da Larabci, wanda ba zai ba ni kunya ba."

"To, ga ni. Wa ya koya mata?"

Hassan ya riƙe baki. "Subhanallah! Da gwiwar nan taka? Mutane su ce na sa malaminmu bin motoci a rana? Kuma matan fa, wa zai shiga da su wurin likita?"

"Saudatu."

"Ta yarda?"

"Za ta yarda, bayan ta gama faɗa."

Ta yi faɗan kuwa, har maƙwabta suka ji, sannan ta fito da takalmanta masu taushi ta wanke su.

Hadil ta tafi a farkon Zulƙida. Ustaz ya zauna a kujerarta. Aikin bai tsaya a kujera ba. Tsoho ya ɓata a hanyar Harami, sai an je an nemo shi. Wani ya hau motar alhazan wata ƙasa ya ƙi sauka, wai ai nan ma Musulmi ne. Wani ya haɗiye maganin kwana uku a zama ɗaya don ya warke da wuri. Ustaz ya hau motoci ya sauka, ya hau ya sauka, gwiwarsa ta kumbura har ya koma yin salla a zaune. Muryarsa ta dushe tun kafin ranar Arfa. Wata tsohuwa da ta ji Hausarsa ta tambaye shi garinsu, ya ce Kazaure, ta shiga jero masa unguwanni da sunayen mutane, shi kuma yana gyaɗa kai bai san ko ɗaya ba. Saudatu kan dawo daga ɓangaren mata ta zube kusa da shi ta ce, "Ashe yarinyar nan aikin mutum biyu take yi, mu biyun ma ba mu kai ta ba."

Ranar da motar ƙarshe ta kwashi alhazai zuwa Jidda, Hadil ta kira. An zaɓe ta mu'ida. Ta faɗa da Larabci cikin sauri, sannan ta tsaya ta sake faɗa da Hausa, a hankali, kamar yadda ya saba sa su. Ustaz ya ce Alhamdu lillahi, ya sa mata albarka. Ya san tsanin da sauran tsawo, akwai digiri biyu a gaba, kuma tsakaninsu akwai mausim da yawa. Ya so ya yi murna sosai, jikinsa bai ba shi dama ba.

Hassan ya kai su gida da kansa. A bakin matakala ya ɗan sosa ƙeya.

"Ustaz, alhazai sun yaba ƙwarai. Baɗi ma dai Hadil ba za ta samu zuwa ba, ko?"

"Ba za ta samu ba."

"To, kujerar..."

"Na ji. Ka ɗora mata matashin zama mai laushi."

Ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, taki ɗaya ya huta, Saudatu na binsa a baya da jakar magunguna. A hawa na uku suka tarar da wani maƙwabcinsu na tsohuwar Nakkasa yana jira a ƙofa, mai ofishin tafinta shi ma. 'Yarsa Ikram, wadda ke zuwa darasin la'asar, ta samu gurbin bincike na baɗi a fannin sinadarai, shi ma a mausim, kuma ya ji labarin abin da Ustaz ya yi wa Hassan.

Ustaz ya jingina da bango har numfashinsa ya dawo. Ya dubi Saudatu, ta kawar da kai.

"Buɗe masa ƙofa," ya ce. "Bari in zauna tukuna."