Waƙar da Ka Sa Sunanka a Ciki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata tara ga watan Rajab na 1391, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina Abdulgaffar Hamad, ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Jidda, a gidansu da ke unguwar Ruwais, bayan fama da ciwon ƙirji. Ya bar mahaifiyarsa Inna Turai, da matarsa Zakiya, da 'yarsa Luba. Ya kuma bar faifan garmaho guda, wanda har yau ba a sami mai ƙarfin zuciyar ɗora masa allura ba.

Gaffaru, tun muna yara nake yi maka faɗa kana dariya, yau ga shi babu mai yi mini dariyar. Ni tela ne mai saurin fushi, duk Ruwais an shaida, amma ban taɓa iya riƙe ka a zuciya har rana ta faɗi ba. Kai ne idan jirgin alhazai ya sauka, ka ga tsohuwa ta rikice a bakin tasha, sai ka aza kayanta a kanka, ka yi mata tafinta, ka kai ta har masauki. Kai ne mai tsaya wa zawarawan unguwa a kasuwar kifi. Garmahon kowa ya lalace, wurinka ake kawowa, ka kwance shi a ƙofar shagona, ka watsa mini ƙusoshi cikin yadi, in yi ta masifa kana cewa, "Shi ke nan, ya Ubale, yanzu zan kwashe."

Ta wannan hanya masifar ta shigo, in har masifa ce. Ka gyara wa wani matuƙin jirgin ruwa garmahonsa, shi kuma ya ba ka tukuicin faifai daga ƙasarsu, Meziko. Wata mace ce take rerawa da jita. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya a cikinmu, amma muryar tana da sanyi irin na mai raka gawa. Mutumin ya gaya maka cewa ƙauye-ƙauye ta bi, ta kwaso tsofaffin amon kakanninta, ta ɗinka waƙoƙinta a kansu, sannan ta shiga ɗakin ɗaukar murya. Ka yi ta jin faifan nan har na fara tsanarsa. Wata rana ka ɗaga allurar ka ce, "Ubale, mu fa? Tsofaffinmu da suka zo a ƙafa daga ƙasar Hausa suna ƙarewa, waƙoƙinsu suna bin su kabari."

Ka ɗauki gurminka ka shiga bin gidajen tsofaffin mata, daga Ruwais har Waziriyya. Sun ba ka waƙar daka, da ta reno, da ta hango teku karo na farko bayan shekaru a hanya. Sun ba ka da murna, har da shayi. Waƙa ɗaya ce suka hana ka.

Wanda aka haifa a nan ba lallai ya san ta ba. A zamanin tafiyar ƙasa zuwa Makka, idan ciwo ya kayar da wani, ayari kuma ba ya iya jira, sai a danƙa shi amana ga mutanen ƙauyen da aka yada zango. Idan za a tashi, mata su rera wannan waƙa da sunansa, suna tafiya, babu mai waiwaye har sai ƙauyen ya ɓace. Daga ranar ba a ƙara lissafa shi cikin masu rai. Ba a rera ta a cikin gida, ba a rera ta da sunan mai lafiya.

Kai kuwa ka riga ka iya ta, domin tun kana goye kake jin Inna Turai tana gunguninta ba tare da saka suna ba. Ɗanta na fari ta bari a wani ƙauye kafin Fashir ta ƙasar Sudan, yana ɗan shekara huɗu, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba, sai a cikin waƙar nan, sau ɗaya tak, tana ba shi baya. Ba ta sake jin labarinsa ba.

Ina wurin ranar da ta ce maka, "Gaffaru, duk abin da kake so ka ɗauka, amma wannan ka bar ta inda muka baro ta." Ka ce, "Ya ummi, camfi ne kawai. Rai a hannun Allah yake." Ta ce, "Na sani. Ka dai bar ta."

Ba ka bari ba. Na raka ka ɗakin ɗaukar murya a Bagdadiyya, ɗan ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da barguna, ko iska ba ta shiga. Ka rera sauran lafiya lau. Da ka zo ta ƙarshe, wadda aka hana ka, ka isa gurbin da ake saka suna, na ga ka ɗan tsaya. Ba ka yarda ka ɗora wa kowa ba, wannan halinka ne. Sai na ji ka ce "Abdulgaffar". Mai ɗaukar muryar bai san komai ba, ya ɗaga hannu ya ce ta yi kyau, za a aika waje a bugo.

Labari ya riga mu isa Ruwais. Babu wanda ya zage ka, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Tsofaffin da ke ba ka shayi sai suka daina kiran sunanka. Idan ka gaishe su, su amsa suna kallon bango. Na yi fushi, na ce musu jahilci ne, har na gaya wa wata maganar da ba ta dace ba. Amma abin da ya fi ci maka rai shi ne Inna Turai. Ta ci gaba da dafa maka abinci, tana sa maka albarka, sai dai ta daina ɗora ido a kanka. Ka shigo ta juya, ka fita ba ta waiwaya. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Ka ce mini, "Ubale, ina raye uwata ta baro ni a hanya."

Tari ya fara maka kafin Babbar Salla. Likitoci sun ce ƙurar siminti ce da ka shekara kana shaƙa a tasha, kuma na yarda da su. Ajali ne ya zo, waƙa ba ta kashe mutum, wannan imanina ne. Amma ƙarya nake yi idan na ce gabana bai faɗi ba duk lokacin da na ji tarin nan ta bayan katanga. Ka rame, gurmin ya yi maka nauyi. Ba ka taɓa tambayata ko za ka tashi ba. Abin da kake tambaya kullum shi ne, "Ta leƙo?"

Ranar Talatar nan, da Azahar, Inna Turai ta shigo. Ta zauna daf da kai, ta tallafi fuskarka da hannu biyu, ta zuba maka ido. Ta ce, "Na bar ɗaya ban waiwaya ba. Kai ba inda za ni." Ka yi murmushi. Idonta bai bar fuskarka ba har ta shafe naka da hannunta.

Da aka ɗauko makara, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo har muka sha kwana. Zakiya ta ce ta ji ta tana cewa, "Wannan karon shi ya tafi, ni aka bari."

Faifan ya iso bayan sadakar bakwai. Inna Turai ta naɗe shi a cikin mayafinta, ta ce a adana wa Luba har ta girma, ta ji muryar ubanta da waƙoƙin kakanninta. Amma ta yi rantsuwa, muddin tana numfashi, allura ba za ta kai kan ta ƙarshen ba.

Allah ya jiƙanka, Gaffaru, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sanya Aljanna ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zakiya da Luba, da abokan aikinka na tasha, da duk jama'ar Ruwais. Inna Turai, Allah ya ba ki haƙuri, ya haɗa ki da 'ya'yanki duka biyu a zangon da ba a barin kowa a baya. Amin.