Minti Biyun da Nouhou Ya Rage

Nouhou Issoufou mutumin Tasawa ne. A shekarar 2003 ya zo birnin Lyon na Faransa don ya karanci ilimin duwatsu, ya koma Nijar ya yi aikin haƙar ma'adinai. Har yau bai koma ba sai hutu, amma ba za a ce ya rabu da duwatsu ba, don kullum yana tsakanin manyan duwatsun niƙa biyu da teburin marmara, a wani tsohon gidan yin shokola, wato cakulan, da ke bayan wata unguwa mai hawa da gangara. A Tasawa har yanzu injiniya ake ce masa. Shi kuma bai samu lokacin gyara maganar ba.

Gidan na wani dattijo ne, Armand. Kakansa ne ya kafa shi a 1934, bayan idonsa ya gaza a aikin saƙar siliki. Ya sayi wata tukunyar ƙarfe mai juyawa a kan wuta daga hannun wani mai suyar kofi, ya fara soya 'ya'yan kakawo, waɗanda ake yin shokola da su, a ciki. A lokacin yaƙin duniya na biyu kakawo ya yanke, ya yi shekara huɗu yana sayar da wata alewa da bai so a tuna masa da ita ba har ya mutu. Da yaƙi ya ƙare ya koma kan tukunyarsa. Tukunyar tana nan har yau, ma'aikata suna ce mata Tsohuwa, kuma ita ce kaɗai a gidan da ba a taɓa yi wa tsawa ba.

Yawancin masu shagon shokola ba sa ganin ƙwayar kakawo da idonsu. Daga manyan masana'antu suke sayen shokolan a haɗe, su narkar, su zuba a mazubi, su ɗaura kirtani mai kyau. Doka ba ta hana ba, sai dai ba a cika rubuta hakan a jikin kwali ba. A gidan Armand kuwa daga buhu ake farawa. A tsince ƙwayoyin da hannu, a soya, a ɓarza, a sheƙe ɓawon, a niƙa da sukari, a bar inji ya yi ta juya ƙullun kwana uku, sannan a shimfiɗa shi a kan marmara ana kai da kawowa da shi har ya yi sanyin da zai sa ya yi sheƙi, ya kuma yi ƙas idan an karya. A duk wannan aikin, suya ce ba ta da gyara. Idan wuta ta zarce, an tashi da ƙauri. Idan ba ta kai ba, tsami ya zauna. Tsakaninsu minti biyu ne ko uku.

Ɗaukar buhu aka ɗauki Nouhou, aikin wata biyu a hutun ɗalibai. Armand yana da wata al'ada: duk sabon ma'aikaci sai ya miƙa masa soyayyar ƙwaya ɗaya, babu sukari, ya tsaya yana kallon yadda fuskarsa za ta yamutse. Wannan ne nishaɗinsa na shekara. Nouhou ya karɓa ya tauna a hankali, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce a ƙara masa ɗaya.

"Wannan kusa da hayaƙi aka shanya shi," in ji shi.

Armand ya ɗauki ƙwaya daga buhun ya tauna. Sannan ya tambayi yaron a wace makaranta ya koyi wannan.

Ba makaranta ba ce. Nouhou ya tashi a gidan da kakarsa ke ɓara masa goro tun yana shekara bakwai. Wanda ya girma da goro ya san ɗaci kala-kala ne, ya san bauri daban, ya san wanda ke barin zaƙi a baya da wanda ke barin nadama. Abin da Bafaranshe zai tauna ya ce ɗaci kawai, Nouhou yana jin abu biyar a ciki. Wata biyun nan ta zama shekara ashirin da ɗaya.

Ya yi tsinta, ya yi niƙa, ya yi marmara. A tsinta ya fitar da tsakuwa, ƙusa, murfin kwalba, har da mabuɗin wani bawan Allah da watakila har yanzu yana nemansa a wata ƙasa. Ya auri Zakiyya, 'yar Damagaram mai aiki a ɗakin gwajin jini, suka zauna a hawa na bakwai a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Ita ce ke gaya wa baƙi cewa mijinta yana yin abin da ake layi a kansa a Paris, amma in ya dawo gida tuwo da miyar kuka yake tambaya. Gaskiya ta faɗa. Nouhou ba ya son shokola. A ganinsa abu ne mai kyau da aka ɓata da sukari.

Suya dai ta Armand ce shi kaɗai. Yana da wani littafi na ubansa da ke ɗauke da mintocin kowane irin kakawo, amma hancinsa da harshensa ne ke yanke hukunci. Da cutar korona ta kama shi ta sake shi, sai ta tafi da hancin. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da tsayawa gaban Tsohuwa yana shaƙar iska da muhimmanci. Nouhou ya gane tun makon farko, shi ma bai gaya wa kowa ba. Sai dai duk ranar suya yakan sami abin sharewa kusa da tukunyar, kuma idan lokacin saukewa ya yi, tari yakan kama shi. Armand ya ji tarin, ya ɗaga hannu, a buɗe tukunyar. Shekara uku suna haka, ba wanda ya taɓa yi wa wani maganar. Sau ɗaya dai Armand ya kawo masa maganin tari daga kantin magani, don mutane su gani.

A farkon 2024 dattijon ya gaji, ya faɗa wa 'yarsa Sofia gaskiya. Sofia ita ke riƙe da shagonsu na Paris, kuma ta daɗe tana cewa wahalar suyar nan ba wanda ke jin ta a baki. Ta zo Lyon ta yi magana a fili. Ko dai Tsohuwa ta sami sabon mai gida, ko a goge ta a kai ta tagar shagon Paris ta zama ado, a riƙa sayen shokola a haɗe kamar kowa. Idan haka ta faru, Nouhou ba zai rasa aiki ba, za a mai da shi ɗaura kirtani. Gwaji ɗaya ta yarda da shi: akwai sabon kakawo da ya iso daga tsibirin São Tomé, wanda ba ya cikin littafin, za a yi ƙwayayen bikin Ista da shi, wato shokola mai siffar ƙwai. Nouhou ya soya, a gani.

Ranar da ta sa ta faɗo a mako na biyu na azumi. Kuma ba a kunna Tsohuwa sai daga takwas na safe zuwa ɗaya na rana, bisa wata yarjejeniya da maƙwabta tun 1961. Waɗanda suka sa hannu duk sun mutu, amma takardar tana nan da ranta.

Ranar Asabar Nouhou ya kai kaya shagon Paris, daga nan ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Château Rouge, wurin Alhaji Atiku, mutumin Maraɗi da yake sayen goro a hannunsa tun yana ɗalibi. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da sanyi da ƙishirwa, Nouhou ya faɗa masa damuwarsa.

"To mi ne ne a ciki?" in ji Alhaji Atiku. "Malamai sun ce mai girki na iya ɗanɗanawa ya tofar."

"Alhaji, rabin abin nan mai ne. Da ya hau harshe ya narke. Ba ya tofuwa."

"Ka tofa da ƙarfi mana."

"A gaban Madam Sofia?"

Alhaji ya yi tunani yana yayyafa wa goro ruwa. "Bon. Ka zo Paris, za ka koma Lyon. Ai kai matafiyi ne."

"Ran Litinin ne aikin, Alhaji. Daga gidana zuwa can tasha goma ba ta cika ba."

"Ka bi ta Marseille, tafiyar ta yi tsawo!"

Wani tela da ke maƙwabtaka da shi ya fashe da dariya. Alhaji ya ƙulle goron a takarda ya miƙa. "Kai dai injiniyan alewa, Allah Ya ba ka sa'a. In sun kore ka ka zo, ina neman mai ɗanɗana mini goro. Da dare."

Ran Litinin Sofia ta iso da jirgin ƙasa na safe. Aka ajiye wa Armand kujera. Aka zuba kilo sittin, Tsohuwa ta fara juyawa tana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Yadda aka saba, daga minti ashirin mai suya yakan zura dogon cokali ta wata kafa, ya zaro 'yan ƙwayoyi, ya tauna, minti bayan minti. Nouhou ya zaro. Ya murza ƙwaya tsakanin yatsu ya ji yadda ɓawon ke saki. Ya fasa ta kusa da kunnensa. Ya duba launin cikin, ya kai hanci, ya ajiye a faranti.

"Ba za ka ci ba?" in ji Sofia.

"Sai bakwai saura minti goma, Madam."

Ta kalli ubanta, ubanta ya kalli rufi. "To kawo in ci maka." Ta tauna ta runtse ido. "Ɗaci."

"Na gode, Madam."

A minti ashirin da shida warin tsami mai hawa kai ya yi sauƙi, wani ƙamshi kamar na burodi ya taso. Nouhou ya ja ƙarfen, ƙwayoyin suka zubo suna hayaƙi. Aka ɓarza kaɗan aka daka da sukari, kowa ya lasa. Kowa ya ce ya yi. Sofia ta lasa sau biyu, ta ce za ta yi tunani, ta fita, jirgin yamma za ta kama.

Da magariba ta yi, Nouhou ya ci dabino ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya ciro ƙwaya daga aljihu ya tauna. Zakiyya tana zuba kunu tana kallonsa.

"Lafiya?"

"Tsami. Bai gama fita ba. Minti biyu na rage."

"Wa ya ce?"

"Ba kowa."

"Wa ya sani?"

"Ni."

"To sha kununka, Malam. Mutum tara sun lasa sun ce ya yi, kai ne za ka kai ƙarar kanka?"

Ya yi salla, ya ɗauki waya. Sofia tana cikin jirgi, ta fita tsakanin taragu don ta ji shi. Ya ce kada a sa wannan buhun a ƙwayayen Ista, kuskurensa ne, gobe zai soya wani a minti ashirin da takwas.

Sofia ta ce, "Nouhou, ka san abin da ka faɗa mini? Ka yi kuskure kuma ba wanda ya ji. Abin da nake gaya wa Baba ke nan shekara da shekaru. Ba wanda ke ji."

"Haka ne, Madam. Amma dai kada a sa shi."

Ya ajiye wayar. Zakiyya ta tura masa kofin kunun.

Washegari ya soya buhu na biyu, ashirin da takwas, da magariba ya tauna ya ji daidai. Aka yi ƙwayayen Ista da shi. Buhun farko kuwa Sofia ta hana a zubar. Ta sa aka niƙa shi dabam, ta ɗauki duka biyun ta ba mutum shida daga cikin tsofaffin masu saye a Paris, ba tare da ta gaya musu komai ba. Huɗu suka ce ba su ji bambanci ba. Biyu suka ce na farkon ya fi, yana da wani tsami-tsami mai wartsakarwa. Aka kira Nouhou aka gaya masa. Ya ce to, ya koma ya fara kallon yadda ake ɗaura kirtani.

Bayan Ista da kwana goma wasiƙa ta zo daga Paris. Sofia ba ta yi dogon bayani ba. Ta rubuta cewa ta tambayi masana'antu uku ko akwai wanda zai kira ta a cikin jirgi saboda minti biyu, ba su gane tambayar ba. Tsohuwa za ta zauna inda take. A ƙasa akwai takardar sabon muƙami, da wurin sa hannu. Ranar da ya sa hannu Armand ya miƙa masa littafin, ya nuna masa shafin da babu rubutu. Nouhou ya rubuta: São Tomé, 28.

Akwai sharaɗi guda da bai lura da shi ba sai daga baya. Kilo sittin ɗin nan na kuskure, Sofia ta sa an zuba shi a sirara-siraran sanduna, an naɗe da takarda mai ruwan zinariya, an sa masa suna sassauƙar suya. Ya ƙare a kwana huɗu. Wani mai rubutu a kan abinci ya yaba da ƙarfin halin gidan. Yanzu duk shekara sai an yi, kuma Nouhou ne kaɗai ya san ainihin inda ake tsayawa. Don haka sau ɗaya a shekara yakan tsaya gaban tukunyar, ya jira minti ashirin da shida, ya ja ƙarfen da hannunsa, yana sane sarai. Yana yin sa da kulawar da yake yi wa kowane aiki, bai taɓa ƙara daƙiƙa ɗaya don ya huce ba.

Bana Sofia ta so a buga sunansa a jikin takardar zinariyar. Ya ce a'a, in dai dole sai an buga, a buga a kan ɗayan, na minti ashirin da takwas. Ta ce ɗayan ba ya buƙatar talla. Har yanzu suna kan maganar.