Kwamfutar da Baba Ya Zaɓa Mini

Ni mai ɗaukar hoto ce a Makarfi, kuma hoton mata nake ɗauka. Wurin kamu, wurin suna, walimar sauka, duk inda namiji zai tsaya a zaure yana ta rafka sallama, ni sai in ɗaga labule in shige da kyamarata. Ɗaukar ba ta taɓa ba ni wahala ba. Gyaran hotunan ne ya kusa raba ni da sana'ar.

Baba ya yarda in buɗe shago ne bisa sharaɗi ɗaya: kiran sallar magariba ya same ni a cikin gida. Ban ga laifinsa ba. Amma kwamfutar da nake aiki da ita a lokacin, wadda Yaya ya gama makaranta ya bar mini, kai, ta sha tsinuwa a bakina! In gyara haske, in share wa amarya ƙurajen fuska, in ce ta fitar mini da hotunan, sai ta tsaya tana juya ɗan zoben nan nata tana huci kamar injin niƙa. In je in yi la'asar, in sayo rake in shanye, in dawo, ba ta kai rabi ba.

Sau biyu a mako guda na shigo gida ana sallame salla. A na biyun Baba bai yi faɗa ba, gara ma a ce ya yi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, a na uku ki kawo mini makullin shagon." Ina son aikin nan, kuma na san Baba ba ya magana biyu.

Yaya ne ya ba ni labarin wani mai sayar da kwamfutocin da aka ɗan yi amfani da su a Ikara. Ya ce abin da ke yin aikin a cikin kwamfuta shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwarta, kuma kowace da lambarta: uku, biyar, bakwai. "Ki nemi mai bakwai kawai," in ji shi. "Ko ɗan firamare ya san bakwai ta fi biyar." Na riƙe wannan magana gam.

Ranar tafiya wani uzuri ya taso wa Yaya, Baba ya ce shi zai raka ni. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa, aikinsa noman masara da sayen hatsi a kasuwa, me zai gane a kwamfuta? To amma wa ya isa ya ce masa a'a.

Mai shagon ya ajiye mana guda biyu a kan tebur. Ɗaya ƙatuwa, baƙa, da 'yar takarda mai lamba bakwai manne a gefenta, ga sauƙin kuɗi. Ɗayar siririya mai biyar, kuma wai ita ta fi tsada. Na ce, "Malam, raina mini hankali za ka yi? Biyar ce za ta fi bakwai?"

Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri. Su ma tsara-tsara ne. Wannan bakwai ɗin tsohuwar ƙira ce, ta girmi biyar ɗin da shekaru."

Na ɗauka daɗin bakin ɗan kasuwa ne. Ni dai na riga na rungume baƙar, ina neman jakarta.

Sai Baba ya ce, "Uwata, kin ga cikinta?"

"Baba, ai ga shi a rubuce."

"Buhu nawa na gani an ce mini sabuwar masara ce, na soka ƙarfe a tsakiya na zaro ta bara, ƙwari sun gama da ita? Ba a sayen buhu da rubutun jikinsa." Ya juya wajen mai shagon. "Ɗana, ita wannan ta ina ake soka ta?"

Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce gaskiyar Baba ce, a ba su aiki iri ɗaya a ga wadda za ta riga. Allah ya taimake ni da filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashe hotuna, a jakata, cike da hotunan wani suna da na ɗauka a garin Taba. Ya zuba su a duka biyun, muka danna tare. Baba ya kwance agogonsa ya ajiye a tsakaninsu.

Ban gama gyara zama ba mai biyar ta yi nisa. Ta gama, ta yi shiru abinta, ita kuwa baƙar tana can tana kukan fanka. Baba ya sa tafin hannu a ƙarƙashinta ya ce, "Wannan ai zazzaɓi take yi." Mai shagon ya bayyana mana cewa sabuwar tana da ma'aikata da yawa a cikin ƙwaƙwalwar tata, suna raba aikin a tsakaninsu, kuma ba ta shan batir kamar tsohuwar, ko an ɗauke wuta za ta kai ni. Kunya ta kama ni. Na saki baƙar a hankali, muka sayi mai biyar.

Da mota ta ɗauki hanyar Makarfi, sai Baba ya dube ni. Ya ce, "In mun isa ki gaida mini ɗan firamaren." Har yau Yaya bai rabu da sunan nan ba a gidanmu.

Babban aikin da na fara da ita na wani biki ne a Paki, kwana biyu ina ɗauka. Na zauna gyara bayan azahar, ban kuwa manta da maganar makulli ba. Ana kiran la'asar ta fitar da na ƙarshe. Na duba, na sake dubawa, babu wanda ta tsallake. Na yi salla, na rufe shago, na kama hanyar gida rana na dukan ƙeyata. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma. Ya dubi rana, ya dube ni.

"Lafiya? Ta lalace ne?"

"Na gama, Baba."

Wannan mutumin, in ban da na katin shaida, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, cewa yake aikin mata ne da 'yan siyasa. Sai na ga ya gyara hularsa, ya kakkaɓe gaban riga.

"To, tunda akwai sauran rana, fito da abin naki. Amma kada ki share mini komai a fuska."

Na ɗauke shi. Ban share komai ba, ko furfura ɗaya. Hoton na nan rataye a shago, saman kwamfutar, makullin kuma yana cikin jakata.