Kwanon Ɗan Fari

Duk wanda ya san Malam Khalilu ya san mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko yanzu da furfura ta fito masa, yana koyarwa a wata makaranta kusa da Bici, in ya zauna a benci ƙafarsa rawa take yi. Mutanen ƙauyensu sun ce boko ne ya taɓa shi. Ina! Kwanon tuwo ne.

Shi ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyarsa Hure, shi ne kuma na farko a ƙauyen da ya shiga jami'a. Da ya ce ilimin halayyar ɗan'adam yake karantawa, tsofaffi suka kwashe da dariya: "To, halin mutum ma sai an je birni?" Can aka koya masa yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe wani abu ta saki wani, da yadda taro ke juya mutum, da cututtukan taɓin hankali. Duk ya haddace. Darasin da ya hana shi sakat shi ne na girman yara, ranar da malamin ya ce jaririn da uwa ba ta kallon idonsa, ba ta kiran sunansa, da tabon zai girma.

Nan take Khalilu ya tuna uwarsa. Tun da yake, Hure ba ta taɓa cewa "Khalilu" ba. "Wancan" ne, ko "yaron nan". Ya san kunyar ɗan fari ce, wa bai sani ba? Amma littafi ya sa masa ƙaiƙayi a zuci: anya kunya ce, ko dai babu shi a ranta?

Ana haka malamai suka tafi yajin aiki, ya dawo gida a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Rumbuna wayam, taki ya fi ƙarfin talaka, gidaje suka koma tuwo sau ɗaya a rana. Shi kuwa gogan naka ya ɗauki biro da takarda, wai bincike zai yi. Ya bi matan dangi yana cewa kowacce ta lissafa masa 'ya'yanta. Kowacce ta tsallake na farin, ya rubuta. Rannan ya tsaya a kan uwarsa tana tankaɗe.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Biyar," in ji ta, idonta a kan rariya.

Su shida ne. Wallahi ya ji zafi. Ya fita gona, ya dawo, ya sake fita, babu abin da ya nome. Kwana uku a jere ana kai masa tuwo yana mayar da kwanon a rufe.

A rana ta huɗu goggonsa Kulu, ƙanwar babansa, wadda bakinta ba ya da linzami, ta tare shi a hanyar rijiya.

"Kai mai karatun hali, zo nan. Me ya sa kake mayar da kwano?"

"Ba na jin yunwa, Goggo."

"Ƙarya kake! Tun dawowarka ka taɓa ganin kwanonka bai cika ba? A wannan shekarar? Ka taɓa ganin uwarka ta zauna cin tuwo?"

"Ai ramuwar azumi take yi."

"Ramuwar wata uku? Azumi nawa ta sha? Da kunu tsululu take buɗa baki, rabonta yana cikin kwanonka. Rubuta wannan ma a takardarka, shashasha."

Bai san sanda ya isa gida ba. Hure tana bakin murhu, sai a ranar ya lura da yadda wuyanta ya rame. Ya durƙusa ya ce, "Inna." Ba ta juyo ba. Ta tura kwanon gefensa da bayan hannu, ta dubi Kulu da ta biyo shi tana haki.

"Ki gaya wa wancan ya ci, kada ya huce."

Ya ci, hawaye na ɗiga cikin miyar kuka. Ya bar rabi ya tura mata, ta sa Kulu ta mayar masa.

Hure ta rasu bayan shekara takwas, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Khalilu ya gama digirinsa, yana koyar da darasin nan na girman yara. Amma har yau in aka ajiye masa kwano cike ba ya iya sa hannu. Sai ya miƙe ya zaga gidan, ɗaki-ɗaki, yana tambayar wa bai ci ba.