Yayan da Na Ajiye a Bonabéri

Jiya da rana wani bakanike a bayan gidanmu na Makèpè, nan Douala, ya cinna wa tsohuwar taya wuta. Warin na shigowa ta taga na ajiye wayar da ke hannuna, da labarin da wata yarinya ta turo min in duba mata, domin hankalina ya riga ya bar ɗakin. Na koma unguwar New Bell, ina 'yar shekara goma sha kaɗan, zaune a bakin gadon Kaka ina shirga mata ƙarya.

Ku yaran da ke turo min labarai kuna yawan tambayata inda na koyi rubutu, kuna jiran in ambaci wani malami mai gilashi. To ku gyara zama ku ji inda na koya.

Shekarar da ake rufe gari ce, abin da ake kira ville morte. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba makaranta, wanda ya buɗe shago ya ja wa kansa. Sai Asabar da Lahadi ake sakin mutane su sayo abin kaiwa baki, kowa ya fita a guje kamar an kwance awaki. Ga damina irin ta Douala da ba ta san gajiya ba. Ruwa ya yi ta dukan kwano tun safe har mutum ya daina jin maganar na kusa da shi, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, mu kwashe tabarmi da buhun garin rogo mu ɗora a kan benci. Gidanmu na katako ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, ƙofar fita ɗaya. Baba mai sayar da goro ne, sai ya wuni a zaure yana buɗe kwanduna yana tsince wanda ya lalace, kullum na zubarwa yana ƙaruwa. Kowa ya gaji da fuskar kowa. A waje kuwa hayaƙin taya ne da ihu, wani lokaci har da ƙarar da ba a tambayar ta mece ce.

Yayana ne ya kasa zama. Ya gama boko da Faransancinsa fal baki, ya zaga ofisoshin Bonanjo har takalminsa ya cinye, aiki bai samu ba. Wata rana da hantsi ya ce zai leƙa bakin titi ya dawo. Maƙwabta suka ce wata mota ce ta tsaya aka kwashe samarin da ke wurin, da mai laifi da mai kallo. Ba wanda ya san inda aka kai su.

Kaka, mahaifiyar Baba, yanar ido ta rufe mata gani a lokacin, ga hawan jini. A gidanmu kuwa, kamar sauran gidajen unguwar, ba a kai wa tsoho mummunan labari kai tsaye. A ɓoye, a lallaɓa, a jira Allah ya kawo sauƙi. Baba ya tara mu a zaure ya ce duk wanda ya bari ta ji, shi ya kashe ta. Za a ce mata Yaya ya haye gada ya tafi Bonabéri wurin kawunmu mai shago a kasuwar Grand Hangar, hanya ta rufe da shi. Sai dai Baba bai iya ƙarya ba, muryarsa rawa take yi. Inna kuma tana buɗe baki sai kuka. Sai ya dube ni.

"Ke da kike cika littattafan makaranta da tatsuniya, yau ga ranarki. Ki ce wani mai goro da ke hayowa ne yake kawo mana saƙonsa."

Duk da tsoron da nake ciki, sai da na ji kaina ya ɗan kumbura. Ai ni marubuciya ce a ganina. Labaran da nake rubutawa a lokacin duk a Kano suke faruwa, garin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, kuma kowa a cikinsu kyakkyawa ne, mai ladabi, mai mota. Na ɗauka wannan aikin ba zai kai ya kawo ba.

Bayan la'asar na shiga ɗakinta mai ƙanshin man zafi da turaren wuta. Na ce Yaya ya aiko ta bakin wani mai goro, yana nan lafiya ƙalau, yana gaishe ta da kyau da kyau, yana roƙon ta sa shi a addu'a, kuma ba ya wasa da salla.

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Ikon Allah. Wannan yaro mai hankali ɗan wane gida ne?"

Na ce Yaya ne mana.

"Maigidana? Tun da ya iya magana bai taɓa gaishe ni da kyau ba. Koma ki tambayi mai goron, ya haɗa miki da saƙon wasu."

Nan na ga ramin da na faɗa. Tsakanin kaka da jika ai wasa ne da tsokana. Ita tana kiransa maigidanta, tana cewa miji ne marar amfani da bai san hanyar cefane ba. Shi kuma la vieille yake ce mata, wato tsohuwa, kullum da safe ya leƙa ya ce, "Har yanzu kina nan? Na ɗauka yau zan gaji gadon nan." Ya zare mata goro a ƙarƙashin matashi, ta bi shi da zagi tana dariya. Kullum ina ganin wannan da idona, amma da na zo ƙirƙira sai na ture shi gefe na ɗauko yaron kirki daga labaraina na Kano. Har yau wannan ne ciwon da na fi gani a rubutunku. Mutanenku sun cika kirki, kuma dukkansu bakinsu ɗaya. Ku rufe sunan mai magana da yatsa ku karanta abin da ya faɗa. In ba ku gane wanda ya yi maganar ba, da sauran aiki.

Washegari na koma na ce mai goron ya tuna daidai: Yaya ya ce a faɗa wa tsohuwa kada ta kuskura ta mutu yanzu, don shi ba zai hayo gada cikin wannan ruwa saboda jana'izarta ba. Kaka ta yi dariya har da tari.

"Ɗan banza," ta ce. "To me yake ci a can?"

Ban shirya wa wannan ba. Na ce abinci.

"Abincin ba shi da suna?"

Daga ranar na gane "yana lafiya" ba labari ba ne. Dole in ce makala, wato fanke, da wake ya karya da su, kuma matar kawu ta cika barkono har yana hawaye. Matsalar ita ce Bonabéri sau ɗaya aka taɓa kai ni ina ƙarama, ban riƙe komai ba sai gada da ruwa. Sai na shiga satar kayan New Bell ina hayewa da su. Mai suyar bakin layinmu da ke faɗa da kowa a kan albasa, na kai shi gaban shagon kawu. Yoyon rufin ɗakinmu na mayar da shi saman katifar Yaya. Duk abin da na ɗauko daga abin da idona ya gani, Kaka haɗiye shi take ba tambaya. Wanda na ƙago daga iska kuwa, a kansa take tsayawa ta yi ta tono.

Ga shi ba ta mantuwa. Na ce mata a bene yake kwana, bayan kwana biyu na sha'afa na ce ambaliya ta shiga ɗakinsa. Ta ce, "Ruwan Bonabéri hawa bene yake yi?" Sai da na yi gumi kafin na sauko da shi ƙasa, na ce faɗa suka yi da ɗan kawu aka raba musu ɗaki. Abin mamaki, faɗan nan ya fi komai yi mata daɗi, ta daɗe tana tambayar wa ya fara. Ashe mai sauraro ba jin daɗin mutum ne ke zaunar da shi ba, wahalarsa ce. Sai na riƙa ba Yaya ƙananan wahalhalu irin waɗanda zuciyar tsohuwa za ta iya ɗauka: maruru a mazaunai, takalmi ƙafa ɗaya da ruwa ya tafi da shi, da wata mai sayar da ayaba da ta ƙi ko kallonsa.

Tambayar da na fi tsoro ita ma ta zo. "Asabar ai ana buɗe hanya. Me ya hana shi zuwa?" Dole na karya wa kawu ƙafa. Allah ya yafe min, bawan Allah yana can lafiyarsa lau na sa shi ya zame a bakin kwata, Yaya ya zama mai tsaron shago. Ku riƙe wannan: tambayar da kuke addu'ar kada mai karatu ya yi, ita zai fara yi. Gara ku riga shi amsawa.

Kada ku ga ina ba ku labarin da dariya ku ɗauka daɗi nake ji a lokacin. Duk ranar da aka buɗe gari Baba da Inna sukan fita neman Yaya, ƙofa bayan ƙofa, su dawo ƙafafu duk taɓo, maƙwabta suna bin su da "ashiya, ashiya", wato sannu, kamar an riga an yi rasuwa. Ni kuma ba halin in yi kuka a gaban Kaka, ba halin in yi dariya a gaban Inna. Da safe in farka da tunanin abin da Yaya zai yi yau a Bonabéri, sai kuma in tuna shi na gaskiyan ban san ko ya ci ba, ban ma san ko yana da rai ba. Na tsani labarin nan, wallahi na tsane shi, kuma ba yadda zan yi in bari. An rufe gari, an rufe gida, ni kuma an rufe ni a cikin ƙaryar da na gina da bakina.

Sai na lura Inna ta soma kawo tsintar shinkafarta bakin ƙofar Kaka daidai lokacin da nake shiga. Ita da ta san komai. Wata rana ina cikin ba da labari, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Ya samu wani takalmin kuwa?" Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta toshe baki da gefen mayafi ta tashi ta bar faifan a wurin. Washegari na saya masa silifa a labarin, ta dawo ta zauna.

Damina ta yi nisa, jikin Kaka ya yi ƙasa. Ta daina cin komai sai ɗan kunu. Na ga alamar tafiya take, sai na ce bari in ba ta abin da ranta ke so. Na ce mai goron ya ce ƙafar kawu ta warke, Yaya yana nan tafe ranar Asabar.

Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba, ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya.

"A'a, 'yar nan. Kada ki yi alkawarin abin da ba ya hannunki. Uwarki tana bakin ƙofa, za ta dafa abinci ta zauna jira." Ta numfasa. "Ki bar min shi a can. Yana ci, yana faɗa, yana bin 'yan mata. Ki bar shi sai ya zo da ƙafarsa."

Ban san tun yaushe ta sani ba, ban kuma tambaya ba. Na kifa kai a kan zaninta na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, ba sauti, tana shafa min kai. Da na lafa sai ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji, ta ce, "To ita mai ayabar, ta sauko kuwa?" Na share hanci na ci gaba. Shi ya sa in kun turo min labarin da kuka liƙa masa ƙarshe mai daɗi don kawai kun ji tausayi, nake mayar muku da shi.

Kaka ta rasu kafin ruwa ya ɗauke. Yaya ya dawo bayan an soma buɗe gari, kai a aske, wando yana zame masa, ba ya son ko a taɓa shi. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ga an naɗe katifa. Bai yi kuka ba. Sai bayan kwanaki ya same ni ina wanke-wanke, ya tsuguna ya ce, "Me kuka ce mata?" Na faɗa masa a taƙaice. Ya ce, "Faɗa min duka." Na ba shi tun daga farko, yana kallon ƙasa. A wurin maruru ne kawai na ga bakinsa ya ɗan motsa.

Yanzu an rushe gidan katakon an yi na bulo, yara kuma a waya suke rubutu, suna da masu karatu rututu da ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Ina taya ku murna. Amma yabon da ake danna muku a waya ba ya gyara labari. Ku nemi mutum ɗaya da ba ya jin kunyarku, ku karanta masa da baki, ku lura da inda ya yi hamma da inda ya bar abin da yake yi.

Yaya ya yi furfura yanzu. Bai taɓa faɗa wa kowa inda aka kai shi ba, har matarsa. A sallar da ta wuce muna zaune a gidansa, 'yarsa ta tambaye shi ina yake a shekarar rufe gari. Ya ce yana Bonabéri, yana tsaron shagon kawu. Ya ba ta labarin tsaf, har da wani kare mai ido ɗaya da ke kwana a ƙofar shagon, wanda ni ban taɓa sa shi a ciki ba. Yarinyar ta juyo ta ce, "Gwaggo, da gaske ne?" Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Na ce da gaske ne, karen ma baƙi ne.